Majami'a Littafin Tarihi Ce: Zagaye da Yara a Sokode da Dapaong

Yawancin yaranmu sun fara shiga majami'a tun suna goye a bayan iyayensu mata. Sun san inda ake durƙusawa, sun san waƙoƙi, waɗansu ma sun haddace tambayoyin katikisim da amsoshinsu. Amma ka tsai da ɗaya a bakin ƙofa, ka tambaye shi wa ya gina wannan ɗaki, yaushe aka gina shi, me ya sa kuma aka raɗa masa sunan da yake da shi. Wani zai ce Turawa ne suka gina. Wani zai ce Fada ne. Da yawa za su yi shiru suna kallon ƙasa. Yaron da yake zaton majami'a kayan baƙi ce ba zai ji ciwo ba ranar da rufinta ya fara yoyo. Ba kuwa zai ji nauyin rabuwa da ita ba ranar da ya girma ya tafi Lome ko Kumasi neman aiki.

Abin da nake so in nuna a wannan rubutu shi ne, majami'a littafin tarihi ce, yaro kuwa yana iya karanta ta da idonsa da hannunsa tun kafin ya iya karatun takarda. A Littafin Joshuwa an ba da labarin duwatsu goma sha biyu da aka ɗebo daga Kogin Urdun aka kafa su, domin yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su sami hanyar ba su labari. Ginin majami'a ma aikin da yake yi ke nan. Zan ɗauki misali daga manyan majami'u biyu na arewacin Togo, ta Sokode da ta Dapaong, amma maganar ta shafi kowane ɗakin sujada, na Katolika ko na sauran ikkilisiyoyi, daga Kano har Gwanja.

Darasi daga ƙasar Wels

Kafin mu zo gida, bari mu leƙa wata ƙasa inda majami'u suka tsufa ƙwarai, domin mu ga yawan labarin da gini yake iya riƙewa. Wels ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu da tumaki, tana yamma da Ingila cikin Birtaniya. Mutanenta sun ɗan haura miliyan uku, suna kuma da harshensu dabam da Turanci. Bangaskiyar Kirista ta kafu a can tun da daɗewa. Babban waliyinsu, Dewi, wato Dauda, ya rasu wajen shekara ta 589, fiye da shekara 1400 ke nan da suka wuce.

A Wels yaro yana fara koyon tarihi daga sunan garinsu. Ɗaruruwan garuruwa sunansu ya fara da kalmar Llan. Asalin ma'anarta shi ne fili wanda aka kewaye da shinge, inda wani bawan Allah ya kafa bukkarsa da ɗakin addu'arsa. A hankali kalmar ta koma nufin majami'a, sai a haɗa ta da sunan waliyin wurin. Llanddewi majami'ar Dewi ke nan, Llanfair ta Maryamu, Llanfihangel ta Mala'ika Mika'ilu. Kamar yadda Bahaushe yake jin Unguwar wane ko Gidan wane ya san wanda ya fara saran wurin, haka su ma.

A bakin shingen majami'a sau da yawa akwai ƙaramar rumfa mai rufi, kamar zaure, inda a dā ake sauke makara a jira firist ya fito ya tarye ta. A cikin harabar akwai kaburbura masu rubutu a kan dutse, da wani irin itace mai tsawon rai kamar kukarmu. Wanda yake garin Llangernyw ya girmi majami'ar da take kusa da shi nesa ba kusa ba. A cikin ɗakin kuma akwai wurin baftisma na dutse, wanda aka sassaƙa kamar babban turmi. A wurare da yawa shi ne abu mafi tsufa a ginin, domin ko an rushe bango an sāke gini, ba a yar da shi. Tun shekarar 1538 kuma aka ba da doka kowace majami'a a Ingila da Wels ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a littafi.

To, ga bambancin da ya kamata mu lura da shi. A Wels, waɗanda suka ɗauki duwatsun ginin sun mutu tun shekaru ɗaruruwa, dutse kaɗai ya rage ya ba da shaida. A arewacin Togo kuwa, ikkilisiya ba ta daɗe da wuce shekara ɗari ba. Har yanzu akwai tsofaffin da suka ɗebo ruwa da yashi a kā sa'ad da ake ginin majami'un garuruwansu. Muna da gini, muna kuma da bakin da zai fassara mana shi. Wannan dama ba za ta jira mu har abada ba.

Yadda bishara ta iso arewacin Togo

Tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar nan, Hausawa sun san ta. Fataken goro da suke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, inda babbar kasuwar Salaga take, suna ratsa arewacin Togo da jakunansu. Waɗansu ayarin suna bi ta Mango, waɗansu ta ƙasar Kotokoli, inda suke ya da zango a Didawure, wadda yau take cikin birnin Sokode. Ta wannan hanya Musulunci ya kafu a garuruwan kasuwa, Hausa kuma ta zama harshen ciniki. Ya kamata yaro Kirista na Sokode ya san wannan, domin ya gane abin da ya sa yawancin maƙwabtansa Musulmi ne, ya kuma girmama tarihinsu kamar yadda yake so a girmama nasa.

Jamus ta kafa mulkinta a bakin tekun Togo a 1884. Ranar 28 ga Agusta 1892 'yan mishan na Katolika na ƙungiyar Kalmar Allah, waɗanda ake kira SVD, suka sauka a Lome. Zuwa 1902 sun gama babbar majami'ar Lome wadda take tsaye har yau. Amma arewa ta daɗe tana jira. Jamusawa sun kafa barikinsu a Sokode wajen 1898, duk da haka gwamnatinsu ta hana 'yan mishan zama a arewa, tana gudun abin da zai ta da hankali a ƙasar da ba ta gama riƙewa ba. Sai a 1912 aka ɗage hanin, a 1913 kuma SVD suka buɗe mishan a Alejo, a kan duwatsu, arewa da Sokode.

Ba su daɗe ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Ingila da Faransa suka ci Togo cikin watan Agusta na wannan shekara, zuwa 1918 kuma an kwashe 'yan mishan Jamusawa daga ƙasar. A wurare da yawa malaman katikisim da dattawa ne suka riƙe taron Lahadi a lokacin da babu firist. Daga baya aikin ya koma hannun ƙungiyar Mishan ta Afirka, wato SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. Su ne suka sāke haurowa arewa.

A 1937 Roma ta ware arewacin Togo ta mai da shi yanki mai zaman kansa, hedkwatarsa Sokode, ta sa Fada Joseph Strebler ya shugabance shi. Fada Jérôme Lingenheim ya karɓa a 1946. Ranar 14 ga Satumba 1955 yankin ya zama cikakken dayosis, Lingenheim ya zama bishop na fari. A lokacin nan dayosis ɗin Sokode ya kama tun daga tsakiyar ƙasa har iyakar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau.

Can ƙarshen arewa, a ƙasar Moba da Gurma, fiye da kilomita 600 daga Lome, 'yan ƙungiyar Waliyi Faransis suka karɓi aikin. A 1960, shekarar da Togo ta sami 'yancin kai, aka ware Dapango daga Sokode a ƙarƙashin Fada Barthélemy Hanrion. A 1965 ta zama dayosis, shi kuma ya zama bishop. A 1990 aka gyara sunan ya koma Dapaong, a 1994 kuma aka sāke yanka dayosis ɗin Kara daga Sokode. Ba Katolika kaɗai suka yi aiki a nan ba. Ikkilisiyar Assemblies of God ta shigo Togo ta ƙofar arewa, daga Haute-Volta, ta kafu a Dapaong kafin ta gangara kudu.

Waɗannan shekaru suna yi wa yaro nauyi idan aka karanta masa su daga takarda. Amma kowace ɗaya tana da inda ta maƙale a jikin gini. Gani ya kori ji. Bari mu kama hannun yara mu shiga.

Abubuwa bakwai da za a nuna wa yara

Na fari, suna. Tun daga waje a tsaya a tambayi yara sunan majami'ar. Babbar majami'ar Sokode tana ɗauke da sunan Waliyiya Tereza ta Yaro Yesu. Tereza 'yar Faransa ce, an haife ta a 1873. Ta shiga gidan masu zaman addu'a a garin Lisiyo tana da shekara 15, ta rasu da ciwon tarin fuka a 1897 tana da shekara 24. Ba ta taɓa taka Afirka ba, amma ta ba da kanta ga yin addu'a domin 'yan mishan, tana kuma rubuta wa waɗansunsu wasiƙu. A 1925 aka sa ta cikin waliyyai, a 1927 kuma Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya naɗa ta mai roƙo domin aikin mishan a duniya duka. Shekara goma bayan haka aka kafa yankin Sokode. Sunan yana gaya mana zamanin da aka dasa wannan ikkilisiya, da abin da yake zuciyar waɗanda suka dasa ta.

Babbar majami'ar Dapaong kuwa sunan Waliyi Charles Lwanga take ɗauke da shi. Shi baƙar fata ne, shugaban samarin fadar Sarki Mwanga a ƙasar Yuganda. An ƙone shi da wuta a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886 domin ya ƙi barin bangaskiyarsa. Ƙaramin cikin abokansa, Kizito, shekararsa wajen 14. A cikin wannan tsanani an kashe 'yan Katolika da 'yan Angilika tare. Paparoma Bulus na Shida ya sa shahidai 22 na Katolika cikin waliyyai a 1964, shekara guda kafin Dapango ta zama dayosis. A tambayi yara, me ya sa majami'a ɗaya take da sunan 'yar Faransa, ɗayar kuma sunan ɗan Afirka? A cikin amsar akwai tarihin yadda ikkilisiya ta tashi daga hannun baƙi ta koma hannun 'yan ƙasa. A kuma nuna musu cewa yawancin waɗannan waliyyai matasa ne, ba su fi yayyensu shekaru ba.

Na biyu, ƙararrawa. Kafin agogo ya yawaita, ƙararrawa ce take gaya wa gari lokacin sujada da lokacin makaranta, ita ce kuma take ba da labarin rasuwa. Ƙararrawar da aka zubo a maƙerar Turai yawanci tana da rubutu a jikinta: shekarar da aka yi ta, da garin da aka yi ta, wani lokaci har da sunan waɗanda suka ba da kuɗi. Kada a bar yara su hau sama. Wani babba ya hau ya kwafo rubutun, a karanta musu a ƙasa, su yi lissafin shekarunta da kansu.

Na uku, wurin baftisma. Bisa tsohuwar al'ada kusa da ƙofa ake ajiye shi, domin baftisma ita ce ƙofar shiga ikkilisiya. Ko na dutse ne kamar na Wels, ko na siminti, ko kwano ne kawai a kan tebur, a bar kowane yaro ya taɓa shi. A tambaye shi, ina aka yi maka baftisma, wa ya tsaya maka? Wanda bai sani ba ya tafi gida da tambayar, ya kawo amsa Lahadi mai zuwa.

Na huɗu, mumbari da littafin da yake kansa. A tambayi yara da wane harshe aka yi karatu yau: Faransanci, ko Tem, ko Kabiye, ko Moba, ko Hausa? A nan ne Wels ta sāke shiga labarinmu. A 1588 wani firist mai suna William Morgan ya gama juya Littafi Mai Tsarki duka zuwa harshen Wels, amma littafin yana da tsada, talaka ba ya samu. A 1800 wata yarinya mai suna Mary Jones, 'yar shekara 15, daga ƙauyen Llanfihangel-y-Pennant, ta yi tafiyar wajen kilomita 40 a ƙasa zuwa garin Bala domin ta sayi nata, bayan ta yi shekara shida tana tara kuɗi. Mai wa'azin da ta je wurinsa, Thomas Charles, ya kai kukan rashin littattafai Landan, a 1804 kuma aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje. Wannan ƙungiya ce ta buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932. Yaron da ya ji wannan labari zai riƙe littafinsa na Hausa da hannu biyu, domin ya san tafiyar wata sa'arsa tana cikin asalinsa.

Na biyar, bagade. Kakannin yaran nan sun ga lokacin da bagade yake manne da bango, firist yana fuskantarsa, bayansa yana wajen jama'a, yana addu'a da Latin. Babban taron bishop-bishop na Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe hanya aka riƙa yin Misa da harshen jama'a. Bayansa aka jawo bagade gaba, firist ya fuskanci mutane, ganga da waƙoƙin gida suka sami wuri a cikin sujada. A tsofaffin majami'u a sa yara su nemi alama: ko tsohon bagade yana nan a jikin bango, ko akwai tabo a daɓe inda aka cire shingen da ake durƙusawa a karɓi Jibin Ubangiji. Yara suna son farauta irin wannan. A lura kuma, dayosis ɗin Dapaong an haife shi ne a shekarar da aka rufe wannan taro.

Na shida, kujerar bishop. Ana kiran babbar majami'a katidral, kalmar kuwa ta fito daga Helenanci, ma'anarta kujera. Girman gini ba shi yake mai da majami'a katidral ba, kujerar nan ce. A sa yara su ƙidaya waɗanda suka zauna a kanta. A Sokode, bayan Bishop Lingenheim wanda ya sauka a 1964, sai Bishop Chrétien Bakpessi, ɗan Togo na fari a wannan kujera, daga 1965 har rasuwarsa a 1992. Sai Bishop Ambroise Djoliba daga 1993 zuwa 2016, sai na huɗu, Bishop Célestin-Marie Gaoua, wanda aka naɗa a 2016. A Dapaong, Bishop Hanrion ya riƙe har 1984, Bishop Jacques Anyilunda daga 1990 zuwa 2016, sai na uku, Bishop Dominique Guigbile, wanda shi ma aka naɗa a 2016. Kujerar Waliyi Dewi a Wels ta ga bishop fiye da ɗari. Namu yatsun hannu ɗaya sun isa ƙidaya su a kowane gari. Wannan yana nuna wa yaro cewa yana kusa da tushen labarin, shi ma yana cikin shafukan farko.

Na bakwai, littafin baftisma. Tun taron Tirenti, a 1563, Ikkilisiyar Katolika ta wajabta wa kowane firist ya rubuta baftisma da aure. Da izinin Fada, a fito da littafi mafi tsufa, a wanke hannu, mutum ɗaya ya riƙa buɗe shafi, yara suna kallo. A duba waɗanda aka fara rubutawa. 'Yan makaranta ne ko manya? 'Yan gari ne ko baƙi daga kudu da suka zo aikin gwamnati? Su wa suka tsaya musu? Wane suna ne yake ta dawowa a wurin shaida? Sau da yawa sunan malamin katikisim ne, wanda ba a sa hotonsa a bango ba, amma shi ya koyar da kowa. Ranar da yaro ya ga sunan kakansa da tawadar da ta koɗe, ba sai an sāke gaya masa cewa majami'a tasa ce ba.

Idan akwai makabarta a kusa, a ƙarasa zagayen a can. A karanta sunaye da shekaru, a yi lissafin tsawon ran kowa, a yi addu'a gajeriya, a koya wa yara tafiya da ladabi a tsakanin kaburbura.

Ƙananan majami'un ƙauye

Mai karatu zai iya cewa, mu a ƙauyenmu ba mu da katidral, ba mu da kujerar bishop, ɗakinmu na laka ne da kwano. Ɗan'uwana, naka littafin ya fi sauƙin karantawa. Yawancin majami'un ƙauye sun bi mataki huɗu. Da fari ana taruwa a gindin itace, kuka ko ɗorawa ko kaɗanya. Sai a yi rumfar zana da ciyawa. Sai a yi ginin laka. Daga baya, idan an yi kaka mai kyau an tara hatsi da gyaɗa an sayar, sai a buga bulo a sa kwano. A nemi gindin itacen nan, ko da kututture ne ya rage. A nemi tushen tsohon bango cikin ciyawa. Ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshe ana bugawa maimakon ƙararrawa, shi ma yana da labari: wa ya kawo shi, daga wace mota, wa ya fara bugawa?

Kada kuma a bar yara su raina laka. A Wusasa kusa da Zariya akwai majami'ar Waliyi Bartalamawas ta Angilika, wadda aka gina a 1929 da laka, bisa fasahar maginan Hausa, da bakan gizo irin na soraye. Tana cikin majami'un da aka fi sani a arewacin Nijeriya. Abin da hannun kakanninmu ya ƙware a kai ya isa a yi wa Allah ɗaki da shi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Zagayen ba zai cika ba sai da tsofaffi. A gayyato dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya, a ba su kujera a inuwa, yara su zauna a tabarma, su gaishe su yadda ya kamata, sa'an nan su yi tambaya da bakinsu. Baba, ina kuke sujada kafin a yi wannan gini? Wa ya ba da filin? Kaka, daga wace rijiya kuka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa? Wace waƙa kuke yi kuna ɗauke da tulu? Baba, da me Fada yake zuwa, da doki ko keke ko babur? Su wa suka yi gāba da ginin, su wa kuma suka taimaka ko da yake ba Kirista ba ne? Tambayar nan ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai, gama tana koya wa yara su san alherin maƙwabta. A cikin tsofaffin Sokode da Dapaong za a iya samun waɗanda suka je Kara a watan Agusta 1985, sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo ya naɗa firistoci a can. A lokacin nan Kara tana cikin dayosis ɗin Sokode. A bar su su ba da labarin tafiyar.

Kada mata su zauna shiru a wannan taro. Littafi ya riƙe sunan bishop da na Fada, amma da wuya ya riƙe sunan matar da ta yi wata uku tana kai ruwa wurin gini, ko wadda ta dafa wa magina tuwo. Idan ba a tambaye su yanzu ba, sunayen nan za su bi su kabari.

A zaɓi yara biyu ko uku masu kyan rubutu, a ba su littafin rubutu sabo. Su rubuta abin da aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa, da kwanan wata. Ƙananan su zana ƙofa da ƙararrawa da bagade. Wanda yake da waya ya ɗauki muryar tsofaffi, amma a rubuta a takarda kuma, gama waya tana ɓata. A yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin majami'a, ɗaya a hannun wani dattijo. Yara kada su wuce ashirin a zagaye guda, kada kuma a wuce awa ɗaya. Gara a dawo sau uku da a gajiyar da su rana ɗaya.

Me ya sa yanzu?

Dalili biyu suka sa wannan aiki ba zai jira ba. Na fari ya fito daga Wels. A ƙidayar jama'a ta 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a can ba su kai rabi ba, waɗanda suka ce ba su da addini sun fi su yawa. An rufe majami'u da yawa. Tun 1957 ma aka kafa wata ƙungiya a Birtaniya domin kula da tsofaffin majami'un da ba su da jama'a. Dutse ya daɗe, amma dutse ba ya haihuwa. Idan ba a ba yaro labari ba, zai gāji gini kawai, ranar da gyara ya yi tsada kuwa sai ya sa kwaɗo ya tafi.

Na biyu yana ƙofarmu. Tun 2021 'yan bindiga suke kai hari a yankin Kpendjal, gabas da Dapaong, a watan Yuni 2022 kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu. Yaron da ya gudo da iyayensa ya bar ɗakin sujadarsu a baya, da gindin itacen, da ƙarfen da ake bugawa. Abin da aka zuba masa a kai ne kaɗai ya taho da shi. Idan akwai irin waɗannan yara a ajinku, ku sa su cikin zagayen, ku kuma roƙi iyayensu su ba da labarin majami'ar da suka baro, a rubuta shi a littafi guda da naku.

Ya ku iyaye da malaman katikisim da na makarantar Lahadi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi ko izini daga nesa. Yana bukatar Lahadi ɗaya bayan sujada, da littafin rubutu, da tsoho ɗaya wanda zai yarda ya zauna a inuwa. Ku fara da wanda ya fi kowa shekaru a cikin ikkilisiyarku, ku fara a wannan wata. Allah ya ba mu hikima, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.